Ba kowane ciwon ciki ne olsa ba

1/ Jama'a, a Kiyawa da ka ce cikinka na ciwo, kafin ka rufe baki an yanke maka hukunci: olsa ce. Mai kyamis ya miƙo omeprazole, shi ke nan. Wannan ɗabi'ar ta kusa kashe goggona.

2/ Wata shida tana fama. Da ta ci abinci sai ciwo ya murɗe ta, har ta fara tsoron tuwo, ta rame. Kyamis uku, magana ɗaya. Wasu kuma suka ce sammu ne.

3/ Ranar da ta faɗi a tsakar gida muka tafi Dutse, daga nan aka tura mu Kano. Hoton CT ya nuna jijiyar da ke kai wa hanjinta jini ta kumbura, kamar tayar keke ta yi ƙulu. Likitoci na kiran sa aneurysm. In ta fashe, jini a ciki yake zuba, ba ka ganin ko ɗigo.

4/ Kar a ce ina tsorata mutane. Ciwon ba shi da yawa. A jijiyoyin kayan ciki, ta saifa ya fi kamawa, musamman matan da suka yi haihuwa da yawa, kuma fashewarta lokacin goyon ciki na iya tafiya da uwa da ɗa. Ku duba gidajenmu ku faɗa min wa hakan ya shafa.

5/ Kuma ana maganinsa. Ko a zura siririn bututu ta jijiyar cinya a toshe kumburin, ko a yi tiyata. Goggo tiyata aka yi mata, yau tana cin tuwonta.

6/ Za ku ce hoto tsada. Gaskiya ne. Amma ku lissafa kuɗin maganin wata shida, ku ɗora akuyoyi biyun da muka sayar a gigice.

7/ Mai kyamis ba ya ganin cikin mutum. In an sha maganin olsa makonni ba sauƙi, ga rama, ko baƙin bayan gida, ko suma, a tafi asibiti a nemi hoto. Ga Rasheed Shekoni a Dutse, ga Malam Aminu Kano.

8/ Mu masu waya a hannu mu ne za mu dage a gida. Tura wa yayanka da ke biyan kuɗin magani.