Faɗin Hanya Ba Ya Rage Nisanta

Akwai wata mas'ala da ta yawaita a zaure da rumfa tun da intanet ta shiga gidaje. Mutum ya ga bidiyo na tsaitsayawa a wayarsa, ko shafi ya yi nauyin buɗewa, ya kai kuka ga masu sayarwa, su ce ya ƙara kuɗi su ƙara masa sauri. Shin ƙarin nan yana magani? A ganinmu yana yi, amma zuwa wani haddi, haddin kuwa kusa yake ƙwarai. Abin da ya wuce nan, biyan kuɗin abin da ba za a mora ba ne.

Ku sani abin nan da suke kira sauri, a haƙiƙa faɗi ne. Ma'auninsa megabit a sakan, watau yawan kayan da hanya ke iya ɗauka cikin sakan guda. Shi kuwa bidiyo, misalinsa randa ce da famfo ke zuba wa ruwa, kai kana ɗiba da moɗa. Na'ura tana tara abin da za ka gani nan gaba kaɗan, sa'an nan ta nuna maka. Muddin famfo na zubawa fiye da yadda kake ɗiba, randa ba ta ƙafewa. In aka riɓanya famfon sau goma, cikinka bai ƙaru ba.

To, nawa ne ɗibar? Masu YouTube da kansu sun ce megabit 5 ya isa hoto mai kyau irin na 1080, mafi kyawu kuma, wanda ake kira 4K, yana son 20. Masu Netflix sun ce 5 da 15. Ashe mai biyan kuɗin megabit 100 don ya kalli karatu ko labarai shi kaɗai, kashi 5 cikin 100 yake taɓawa. A shekarar 1440 ta Hijira, watau 2019, jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta jarraba wannan a gidajen ma'aikatanta 53, tare da masana daga jami'o'in Princeton da Chicago. Suka tarar masu biyan kuɗi mai yawa ɗan kaɗan suke amfani da shi cikin abin da suka saya, ko da sun kunna bidiyo da dama a lokaci guda, hotonsu kuma bai fi na masu matsakaici wani abin kirki ba.

Batun buɗe shafi ya fi wannan zurfi, 'yan kasuwa kuwa za su riga kowa ganewa. Buɗe shafi ciniki ne ta hannun dillali. Wayarka ta aika tana tambayar inda mai kaya yake, a dawo mata da amsa. Ta aika da sallama, a amsa. Su yi yarjejeniyar sirri don kada wani ya ji, nan ma a je a dawo. Sa'an nan ta nemi shafin, shafin ya zo ya ce akwai hotuna da rubutu a wurare dabam dabam, a sake aikawa. Kowane saƙo ƙarami ne, bai cika ko aljihu ba. Abin da ke cin lokaci shi ne zuwa da dawowar dillali. In ka ba shi babbar mota maimakon jaki alhali takarda ɗaya zai kai, kuma tafiyarsu ɗaya, me ka ƙaru da shi? A 2010 wani injiniyan Google, Mike Belshe, ya auna wannan. Ya ga cewa daga megabit 5 zuwa 10, lokacin buɗe shafi ya ragu da misalin kashi 5 cikin 100 kurum, amma duk sa'ad da aka rage jinkirin zuwa da dawowa, shafi ya kan ƙara saurin buɗewa.

Jinkirin nan kuwa yawancinsa nisa ne, nisa kuma ba ya jin kuɗi. Haske cikin zaren gilashi yana tafiyar kilomita 200,000 a sakan. Wayar MainOne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Ikko a 2010, tsawonta kilomita 7,000 ne. Zuwa da dawowa 14,000 ke nan, watau kashi 7 cikin 100 na sakan, tun ba a ƙidaya tafiyar Ikko zuwa Kano ba. Abin kamar ba kome, amma a riɓa shi sau ashirin a gani. Tsofaffin taurarin ɗan Adam suna can sama da kilomita 35,000, don haka amsarsu ta kan wuce rabin sakan kome faɗin hanyarsu. Na Starlink, da suka fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, suna misalin kilomita 550 ne. Wannan kusanci shi ne babban abin da mai buɗe shafi ke ji a hannunsa. Kuma wanda ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyi huɗu suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, ya san mai megabit 100 da mai 10 tare suka zauna jugum.

Akwai kuma wata hasara da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Na'urorin bidiyo suna auna faɗin hanya, in sun ga fili sai su ɗauko hoto mafi nauyi ba da shawararka ba. Netflix ta ce sa'a guda ta hoto mai kyau tana iya cin gigabait 3, ta 4K kuwa har 7. Galibin mutanenmu da awo suke sayen data. Sai ka ga guzurin wata ya ƙare a kwana goma, alhali a fuskar wayar da ba ta fi tafin hannu ba, ido da ƙyar yake rarrabe hotunan biyu. Mai hankali ya shiga saitin ya ɗaure hoton a 480 ko 720.

Ba mu ce kowa ya ƙi ƙari ba. Gidan da ke da waya goma sha biyu, kowa na kallon nasa bayan isha'i, lissafinsa daban ne: a tara buƙatun a gani, biyar sau goma sha biyu sittin. Wanda hanyarsa ba ta kai megabit 5 ba, lalle ƙari zai amfane shi nan take. Malamin da ke watsa karatu kai tsaye, da ɗan Kantin Kwari da ke nuna wa abokin cinikinsa na Guangzhou launin yadi ta bidiyo, su abin da ya shafe su faɗin aikawa ne. Adadin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a talla kuwa na karɓa ne, na aikawa sau da yawa ya kan gaza shi nesa, sai an tambaya ake faɗi.

Sau da yawa ma laifin na cikin gida. An ajiye akwatin Wi-Fi a ƙasa a lungun zaure, bayan katanga uku da ƙofar ƙarfe, ana neman ya kai ɗakin uwargida. A ɗaga shi sama a tsakiyar gida tukuna, kyauta ne.

Kafin ka biya, ka lura da kalmar "har zuwa" da suke sa wa gaban adadi, domin mai cewa zai ba ka har zuwa buhu goma, in ya ba ka biyu bai saɓa ba. Ka nemi maƙwabcin da ke kan layin nan, ku auna tare da hantsi, ku sake aunawa tsakanin ƙarfe takwas da goma na dare, lokacin da unguwa duka ta hau hanya ɗaya. Ku duba adadin jinkiri da ma'aunin ke nunawa tare da na faɗi. In na dare ya faɗi ƙasa da rabin na hantsi, cunkoso ne a hanyar kamfani, kuma babban kunshi daga hannunsu a kan wannan hanyar zai bi.