HAƊIN KAN MA'AIKATA DA WASAN BOLIN



Ya 'yan uwana matasa, yau ina so mu dubi wani yayi da ya kama manyan ofisoshi a Legas da Abuja, wanda kuma na ga wasu daga cikinmu sun fara sha'awar kwaikwayonsa. Yayin kuwa shi ne a ɗebi kuɗi daga asusun ofis, a kwashi ma'aikata zuwa gidan wasa na yini guda, a dawo a rubuta rahoto cewa an gina haɗin kai. Daga cikin wasannin da ake zaɓa akwai bolin. Ga wanda bai san shi ba, ƙwallo ce mai nauyi, babbarta takan kai kilo 7, da ramuka uku na sa yatsu. Mirgina ta ake yi a kan santsin katako mai tsawon ƙafa 60, domin ta kayar da 'yan sanduna 10 da aka jera. Zagaye 10 ake bugawa, kuma ƙarshen maki 300 ne.

Tun da wuri bari in faɗa, ba ni da rigima da wasan kansa. Zuciya tana gajiya kamar yadda jiki yake gajiya, kuma raha halas ce matuƙar babu caca a ciki, ba ta kuma cinye lokacin salla ba. Rigimata da da'awar da ake jinginawa gare shi ce, wato cewa yini ɗaya na mirgina ƙwallo zai ɗinke ɓarakar da shekara guda ta rashin adalci ta yi a tsakanin shugaba da na ƙasa da shi.

Mu tambayi masu wasan ma. A shekarar 2000, Robert Putnam, malami a jami'ar Harvard ta Amurka, ya fitar da littafi mai suna Bowling Alone, ma'ana buga bolin kai kaɗai. Abin da ya nuna shi ne, masu buga wasan sun ƙaru a Amurka, amma masu shiga ƙungiyoyin da suke haɗuwa kowane mako domin bugawa tare sun ragu ƙwarai, kuma ya ɗauki wannan a matsayin alamar mutuwar zumunci a ƙasar. To ka gani, ya ɗan uwa, yawan saduwa da sanin juna su ne suke riƙe da mutane tun asali, wasan hawa kawai ya yi a kansu. Da suka tafi, katakon da ƙwallon suna nan, amma ba su iya tsare komai ba. Hausawa sun riga Putnam faɗa: zumunta a ƙafa take.

Yanzu mu dawo gida, mu auna wannan yayi da halin ma'aikatan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Su wane ne? Malamin firamare da yake hawa babur zuwa ƙauye, ma'aikaciyar lafiya mai zagayen allurar rigakafi, malamin gona, direban ofis da maigadi. Waɗannan su ne suka ci gaba da fita aiki a shekarun da 'yan bindigar daji suka addabi yankin. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, ranar 17 ga wata aka sako 344. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da waɗannan uku, ta yadda mutum zai fita aiki iyalinsa ba su da hanyar jin ko ya isa lafiya.

Don Allah, mai irin wannan aiki me yake bukata daga ofishinsa? Yana bukatar alawus ɗinsa ya fito a kan kari ba sai ya yi ta sintiri ba. Yana bukatar oga ya san sunansa da sunan garin da aka tura shi. Yana bukatar ya tabbata idan wani abu ya same shi a hanya, abokan aiki za su taka har ƙofar gidansa, su dubi 'ya'yansa. Idan kuwa aka shirya tafiyar shaƙatawa, mun san yadda rabon yakan kasance: na hedikwata su cika mota, na ƙauye su ga hotuna a WhatsApp, direban da ya kai su kuma ya kwana a cikin motar. Wannan ai raba kai aka yi da kuɗin haɗa kai. Ka lissafa kuɗin mota da masauki da abinci na mutum ɗaya zuwa Abuja, sannan ka ajiye shi kusa da naira 70,000 da dokar 2024 ta sa a matsayin mafi ƙarancin albashi, sai ka yi wa kanka hukunci.

Abin takaicin shi ne muna da namu, kuma ya fi wancan inganci. Manoman masara da dawa da auduga na wannan yanki sun san gayya tun kaka da kakanni. Yau a gonar wane, gobe a ta wane, kowa da fartanyarsa, a ci tuwo a kwano ɗaya, a sha fura, a yi barkwanci, rana ba ta faɗi ba an gama aikin da zai ɗauki mutum ɗaya mako. A gayya ake gane rago da jarumi, a nan kuma ake gane wanda za a ba amana, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka, ya kai matashin da aka ɗora wa shirya irin wannan taro, ka fara da tambaya ko akwai wanda yake bin ofis haƙƙinsa. In akwai, a biya shi tukuna. Sannan ka zaɓi abin da mai shara da manaja za su iya shiga tare ba tare da ɗaya ya ji kunyar rigarsa ba: ƙwallon ƙafa a filin makaranta, dara a inuwa bayan la'asar, buɗa-baki tare da azumi, gayyar gyara ajin da rufinsa ya yaye, ko asusun taimakon juna na ranar suna da jinya da rasuwa. Ka kuma sa ya zama abin da ake maimaitawa kowane wata. Idan an yi duk wannan, kuɗi ya ragu, ranku kuma yana son bolin, to ku je ku buga, Allah ya ba mai rabo sa'a. Amma a tafi da direba, a kuma ba shi ƙwallo ya jefa.

Allah ya zaunar da yankunanmu lafiya, ya tsare masu fita neman halas, ya haɗa kanmu a kan gaskiya.

Wassalamu alaikum.