LIƘI BA GATA BA NE

'Yan'uwanmu mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu, ku buɗe idanunku. Da zaɓe ya gabato, sai ɗan siyasa ya tuna da dambe. Ya zo fage da babbar riga, ya yi wa makaɗi liƙi, a wasa shi, ya shige mota. To, ɗan damben da aka karya wa muƙamuƙi fa? Da asuba zai koma mayanka da ciwonsa, ba mai biya masa kuɗin magani.

A dubi ƙasar Ailan. Ƙungiyar wasanninsu na gargajiya, wadda aka kafa a 1884, ba ta biyan 'yan wasa albashi, amma tun 2008 gwamnati ke ba manyansu tallafi kowace shekara, da zaɓe ko babu.

Saboda haka sarakunan Hausawa da na fawa, kada ku sake shimfiɗa wa baƙo tabarma sai ya sa hannu kan abu uku: fili na dindindin, likita a bakin fage, da asusun jinya. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. In ya ƙi, ba damben yake so ba, taron yake so.