Mu Koyi Ƙirga Lokacin Na'ura

Ya ku ɗalibai, malamai da iyaye, a ganinmu bai kamata mai sha'awar haɗa ƙananan na'urori ya tsaya ga kwafar umarni kurum ba. Wajibi ne ya san lokacin da kowane umarni yake ci.

Ku dubi allon Arduino Uno. Agogon cikinsa yana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa guda, kuma yawancin umarnin da ƙwaƙwalwarsa take bi, bugu ɗaya ko biyu suke ci.

To, ina ruwanmu? A ce mun haɗa na'urar da za ta auna ruwan tanki da sauti, ta kashe injin in ya cika. Kowace santimita, sauti yakan ci kamar maikirosakan 58 zuwa da dawowa. Kuskuren ƙirga kaɗan, sai awo ya ɓaci. In kuma muka sa ta dogon jira, ba ta auna kome, ruwa kuwa yana ta malala.

Manomin shinkafa a fadamar Argungu ko Birnin Kebbi, da kuɗinsa yake sayen man injin. Kada mu miƙa masa na'urar da ba mu ƙirga lokacinta ba.