A Tambayi Ruwa Kafin A Tambayi Ido: Mas'alar Daɓen Ɗakin Ɗinki Na Ƙarƙashin Ƙasa

Daga cikin mas'alolin da ma'abota ɗinkin bargon ƙyallaye a ƙasar Amurka suke yawan saɓani a kansu, akwai wata wadda mai jin ta daga nesa zai ɗauka ba ta cancanci a ɓata tawada dominta ba, alhali kuwa idan aka bi ta da tsanaki sai a tarar lafiyar jiki da ta dukiya duk sun rataya a wuyanta. Mas'alar ita ce: wace irin shimfiɗa ta dace da daɓen ɗakin ƙarƙashin ƙasa, idan uwargida ta ƙudura niyyar mayar da shi ɗakin ɗinkinta? Ra'ayina, wanda zan kawo hujjojinsa gwargwadon hali, shi ne cewa galibin masu wannan zaɓi suna farawa ne daga inda ya kamata su ƙare, domin sukan fara da launi da taushi, su bar maganar ruwa sai ranar da ya shigo.

Wajibi ne a fara bayyana dalilin da ya sa ɗakin yake ƙarƙashin ƙasa tun asali. A jihohin arewacin Amurka da ƙasar Kanada, sanyin hunturu yana daskarar da ƙasa har zuwa wani zurfi, ƙasar da ta daskare kuwa kumbura take yi ta ɗaga abin da ke bisanta, saboda haka doka ta wajabta a sauke harsashin gini ƙasa da inda daskarewar take tsayawa. A jihar Minnesota zurfin da aka shar'anta ƙafa 3 da rabi ne a kudu, ƙafa 5 a arewa. To, tun da an riga an yi wannan haƙa, ƙarin da za a yi a sami ɗaki sukutum ba shi da yawa, shi ya sa gidajen waɗannan jihohi suke da faffaɗan ɗaki a ƙarƙashinsu, inda ake ajiye tukunyar ɗumama gida da injin wanki da tarkacen shekaru. Mai ɗinki kuwa, wadda yadudduka suka cinye mata teburin cin abinci har maigida ya fara gunaguni, babu inda idonta zai faɗa sai can.

Ita sana'ar, ga wanda bai san ta ba, tana da daraja a can ƙwarai da gaske. Ana yayyanka yadin auduga ƙanana-ƙanana a harhaɗa su bisa wani tsari, sa'an nan a shimfiɗa wannan fuska a kan fallen auduga mai kauri, a sa wani yadi a baya, a bi hawa ukun da ɗinki har su zama abu guda. Bargunan mutanen Amish na gundumar Lancaster a jihar Pennsylvania sun shahara, haka kuma na matan baƙar fata na ƙauyen Gee's Bend a Alabama, waɗanda aka baje kolinsu a manyan gidajen adana zane na Houston da New York a shekarar 2002, kuma tun 1991 akwai gidan tarihi na musamman domin wannan sana'a a garin Paducah na jihar Kentucky. Abin da ya shafe mu a nan dai shi ne yadda aikin yake ɗaukar jiki. Mai yin sa takan yini a tsaye gaban teburin yanka da wuƙar nan mai faifai wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, ta koma wurin guga, ta koma kan keken ɗinki a bisa kujera mai taya, kuma idan lokacin haɗa hawa ukun ya yi, sau da yawa sai ta durƙusa a ƙasa ta shimfiɗa bargon da ya kai ƙafa 7 ko 8 kowane gefe, ta manne gefunan yadin baya da salatif domin ya miƙe, ta bi shi da fil ɗaruruwa tana jan gwiwa. Ashe daɓen yana cikin kayan aiki, daidai da almakashi da dutsen guga.

Amma kafin kowane daga cikin waɗannan buƙatu akwai sharaɗin da ya gabace su, wanda rashinsa yake ɓata duk abin da aka gina a kansa. Kankaren da aka zuba a ƙasan ɗakin, komai ƙarfinsa a ido, yana da ƙananan kafofi da danshin ƙasa yake bi ya hau, kamar yadda randar ƙasa take tsatsafo ta waje alhali ba ta fashe ba. Muddin kankaren a buɗe yake, danshin yakan tashi ya bi iska ba a ma lura ba. Ranar da aka rufe shi da wani abu, sai ya taru a ƙarƙashi, ya kwance gam, ya haifi fumfuna da warin nan na rima wanda auduga take sha ta riƙe. Gwajin farko ba ya cin ko kwabo: a yanki farar leda mai inci 18 kowane gefe, a manne gefunanta huɗu a kan kankaren, a bar ta aƙalla awa 16, idan aka ɗaga aka ga raɓa a jikinta ko wurin ya yi duhu, to, an sami amsa. Sai dai bushewar ledar ba ta zama hujja yankakkiya ba, domin gwajin da aka yi a tsakiyar hunturu ba ya shaida a kan lokacin da ƙanƙara take narkewa ƙasa ta cika da ruwa, don haka mai hankali takan jira wannan lokaci ta sake, ko ta kira masu na'urar da ake huda kankare a auna danshin cikinsa.

Maganin kuwa galibi a waje yake. Indararon da ke zubar da ruwan rufi a gindin bango, da farfajiyar da ta karkato wajen gida maimakon ta gangara nesa da shi, su ne asalin mafi yawan wannan ciwo, har ƙa'idar ginin gidaje da jihohi da dama suke bi ta nemi ƙasa ta sauka da inci 6 cikin ƙafa 10 na farko daga bango. Sai injin zuƙe ruwa da ake sakawa a rami a kusurwar ɗakin, da na'urar tsotse danshin iska, wadda ake so ta riƙe shi ƙasa da kashi 60 cikin 100, in so samu ne tsakanin 30 da 50, bisa shawarar hukumar kare muhalli ta Amurka. Wanda ya kashe kuɗinsa a nan ya rage na shimfiɗa, a ganina ya fi wanda ya yi akasin haka tadbiri, musamman idan aka yi la'akari da cewa inshorar gida ta yau da kullum a Amurka ba ta biyan ɓarnar ambaliya, kuma shirin inshorar ambaliya na gwamnatin tarayya, wanda aka kafa a 1968, ba ya biyan kafet ko shimfiɗar ƙawa da aka yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Yanzu sai mu zo ga kafet, wanda yake da mabiya masu yawa, kuma adalci ya sa a faɗi hujjarsu yadda take. Suna cewa ƙasan ɗakin da sanyi, kankare yana cin dugadugai da gwiwa da ƙugu, kafet kuwa yana ɗumama ƙafa, yana danne ƙarar keke, kuma ya fi yawancin sauran sauƙin kuɗi. Duk wannan gaskiya ne, kuma wadda ta haura shekara 60 tana fama da ciwon gaɓɓai ba za a ce mata maganar taushi wasa ba ce. Amma a dubi abin da yake faruwa a ranar aiki guda. Fil ya kuɓuce daga yatsa, ya faɗa, bai yi ƙara ba, ya nutse cikin gashin kafet da tsininsa a sama, yana jiran tafin ƙafar jikanta da zai sauko da gudu ba takalmi, ko kuma kyanwar gida. Maganaɗisun da ake jan sa a ƙasa domin tsince fil ba kullum yake iya zaro wanda ya sarƙe ba. Guntayen zare, waɗanda wannan sana'a take zubarwa ba adadi, suna nannaɗe burushin injin shara har ya tsaya, sai an zauna da almakashi ana tsinkewa. Tayar kujera tana nutsewa. Yadin baya ba ya miƙewa a kan abu mai laushi, sai bargon ya fito da tattara a bayansa bayan an sha wahalar wata da watanni. Mafi muni kuma, ranar da bututun injin wanki ya fashe, ko wuta ta ɗauke injin zuƙe ruwa ya tsaya ana tsakiyar ruwan sama, soson da ke ƙarƙashin kafet yakan sha ya ƙoshi, kuma abin da ya jiƙe bai bushe cikin awa 24 zuwa 48 ba fumfuna ta sami gida. Maslahar da ake nema a kafet ana iya samunta ta wata hanya, ɓarnarsa kuwa ba ta da makawa, kuma ƙa'ida ce sananniya wurin malaman usulu cewa tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani.

Katako tsantsa ba ya buƙatar dogon bahasi, domin masu sayar da shi da kansu ba sa ba da shawarar a sa shi ƙasa da doron ƙasa, saboda yana shan danshi ya kumbura ya bankare. Allunan nan masu hoton katako a sama, waɗanda cikinsu garin itace ne da aka matse, idan ruwa ya kwana a haɗinsu gefunan sukan tashi, ba kuwa sa komawa. Tayil ba ya tsoron ruwa ko kaɗan, nan ya fi kowa, sai dai ga sanyi ga tauri, ga layukan tsakaninsa da suke tare tayar kujera suna tara ƙurar auduga. Ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi, wanda ƙasar Fotugal take samar da kusan rabin na duniya, yana da daɗin taka ƙwarai, amma ƙafar tebur mai nauyi tana lotsa shi kuma ruwa mai kwanciya yana lalata shi. Fenti mai ƙarfi a kan kankaren shi kaɗai kuwa zaɓi ne na mai ƙaramin ƙarfi wanda ba abin kunya ba ne, illa dai yakan ɓare idan danshi yana turo shi daga ƙasa.

Abin da na rinjayar shi ne allunan roba masu kauri, waɗanda ake sarƙa juna ba tare da gam ba, a shimfiɗa su a kan wani falle mai ƙusoshin roba a ƙasansa wanda yake barin iska tsakanin kankare da shimfiɗa, sa'an nan a ajiye tabarmin roba masu taushi a wurare biyu ko uku da ake daɗewa a tsaye, wato gaban teburin yanka, da wurin guga, da gaban babban keke. Ta haka ƙafa ta sami haƙƙinta a inda take buƙata, fil ya faɗi ya yi ƙara a gan shi, tsintsiya ta kwashe zare a shara ɗaya, idan kuma ruwa ya shigo a ɓalle allunan a shanya a mayar. Ba na da'awar cewa ba shi da aibi. Dutsen guga mai zafi idan ya faɗo zai narka shi, wuƙar yanka za ta sare shi, kuma kasancewar allon ba ya shan ruwa ba ya hana ruwa kwanciya a ƙarƙashinsa, abin da masu talla ba sa son faɗa. Mu ma nan mun san haka, domin duk wanda ya taɓa ɗaga ledar tsakar ɗaki a ƙarshen damina a gidan da simintinsa yake jan ruwa ya ga baƙin da ke kwance a wurin.

Akwai kuma sharaɗin daidaito, wanda ya fi tsanani ga mai babban keken nan mai dogon hannu, wanda yake gudu a kan dogo bisa wani firam mai tsawon ƙafa 10 zuwa 14. Daɓen waɗannan ɗakuna sau da yawa da gangan aka karkata shi wajen magudanar da ke tsakiya, kuma idan firam ɗin bai zauna daidai ba sai kan keken ya riƙa zamewa da kansa yana jan hannun mai ɗinki, zanen ya karkace. Masu yin allunan robar galibi suna shar'anta kada tudu da kwarin daɓe su wuce kashi 3 cikin 16 na inci a tsawon ƙafa 10, sai a cike kwarin da siminti mai ruwa-ruwa wanda yake kwanciya da kansa, amma ba a toshe magudanar ba, domin saboda ranar da ruwa zai shigo aka yi ta. Bayan an cika duk waɗannan sharuɗɗa ne kaɗai zan yarda ido ya sa baki, shi ma da iyaka: a zaɓi launi mai haske, toka-toka ko ruwan ƙasa marar zane da yawa, saboda ɗakin ba shi da hasken rana sai na ƙananan tagogi a can sama, daɓe mai ja ko ruwan goro kuwa yana mayar da launinsa a kan yadi har mai ɗinki ta haɗa kaloli biyu da take zaton sun dace, sai ta hau sama da su ta ga ba haka ba.

Wadda gidanta tsoho ne, wanda aka gina kafin wajen 1980, idan ta tarar da tsofaffin tayil ƙanana masu inci 9 manne da baƙin gam, kada ta sa hannu ta kankare su, domin da yawa daga irinsu suna ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa take cutar da huhu bayan shekaru masu yawa. Ko dai a kai guntu a auna, ko a shimfiɗa sabon a kansu yadda suke. Haka nan iskar radon, marar launi marar wari, wadda take fitowa daga ƙasa ta tsagar kankare ta taru a irin waɗannan ɗakuna, wadda hukumar kare muhallin ta ce a ɗauki mataki idan ma'auninta ya kai 4, ita ma auna ta tun kafin a yi shimfiɗa ya fi sauƙi, domin gyaranta huda kankaren yake buƙata a zura bututu a fitar da ita ta saman rufi, kuma wadda za ta riƙa yin awa 6 ko 8 a rana a ɗakin ta fi mai saukowa wanki sau ɗaya a mako shaƙar ta nesa ba kusa ba.