Wasannin Yara a Ƙarƙashin Furen Sakura: Fa'idodi da Illoli

A ƙasar Japan, daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, lokacin da sanyi ke ja da baya, itatuwan sakura kan lulluɓe da fure tun kafin ganye ya fito. Furen ba ya wuce mako ɗaya ko biyu, shi ya sa ake rububinsa. A birnin Tokyo hukumar kula da yanayi tana da wani itace a harabar wurin bauta na Yasukuni, da zarar fure biyar ko shida sun buɗe a jikinsa sai ta yi shela cewa lokaci ya yi. Daga nan iyalai su kwashi abinci da shimfiɗar roba su nufi lambuna. Wannan fita ita ake kira hanami. Asalinta abin fada ne, don an rubuta cewa Sarki Saga ya yi irin wannan zama a Kyoto a shekarar 812. Daga baya mai mulkin soja Tokugawa Yoshimune ya sa aka dasa itatuwan a Asukayama a 1720 domin talakawa su ma su samu wurin zuwa.

Manya kan zauna awa uku ko huɗu suna ci suna hira. Yaro kuwa ba ya zaman kallon fure. Dole a samo masa abin yi, kuma abin da aka samo masa shi ne ke gyara fitar ko ya ɓata ta.

Babbar fa'idar ita ce yaran da sanyi ya killace a ɗaki wata da watanni sun samu fili. Yawancin wasanninsu ma ba sa cin ko kwabo. Akwai onigokko, wasan bi-ni-in-bi-ka, akwai kakurenbo, wato ɓuya. Wanda na fi yabawa shi ne daruma-san ga koronda: yaro ɗaya ya juya baya yana faɗin kalmomin, sauran suna matsowa a hankali, da ya waiwayo kowa ya ƙame, wanda ya motsa an kama shi. Ɗan shekara huɗu da ba ya iya tsayuwa wuri guda a gida, a nan da kansa zai koyi riƙe jikinsa da kasa kunne, ba tsawa ba bulala.

Furen kansa abin wasa ne. Idan iska ta kaɗa yana zubowa, yara kan yi ta tsalle suna ƙoƙarin cafke shi kafin ya taɓa ƙasa, abin da ke da wuya fiye da yadda ake zato. Wasu su tsinci wanda ya faɗo su danne shi a cikin littafi ya bushe, wasu su zana itacen, ƙananan kuma su yi ta hura kumfar sabulu. Ta haka yaro ke lura da abin da ba a koyarwa da allo: ya ga toho, ya ga fure, bayan kwanaki ya dawo ya tarar da ganye.

Lokacin ma ya dace da su. A Japan shekarar karatu a Afrilu take farawa, don haka furen kan zo daidai da ɗan hutun da ke tsakanin aji da aji. Yaron da ke fargabar sabuwar makaranta yana samun damar saba wasa da yaran da bai sani ba. Uban da aiki ba ya bari ya ga 'ya'yansa da rana, yau ga shi a kan shimfiɗa. Kaka ta koya wa jika naɗe takarda ta zama tsuntsu, ko wasan kendama na cafe ƙwallon katako da sanda. Har ladabi yana shiga ciki, domin ba a hawa shimfiɗa da takalmi, kuma ana koya wa yaro ya tattara shararsa kafin a tashi.

Sai dai akwai illoli, kuma na farko a kan itacen yake faɗawa. Saiwar sakura ba ta nisa cikin ƙasa, yawan tattaka gindinta na danne ƙasar har itacen ya raunana. Reshen da aka karya kuwa saurin ruɓewa yake yi daga wurin raunin. Yaro ba ya nufin ɓarna idan ya girgiza reshe don fure ya zubo masa, ko ya ɗare bisa don ya ɓuya, amma itacen ba ruwansa da niyya. Da yawa daga nau'in sakura na Somei Yoshino da ke biranen Japan an dasa su ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sun tsufa, ba su da juriyar da. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne babban da zai ɗaga yaro ya ja reshe don kawai a ɗauki hoto.

Sai cunkoso. Wanda ya taɓa riƙe hannun yaro a filin hawan Sallah ya san abin da ake nufi. A Lambun Ueno ranar hutu, wasan ɓuya na iya komawa neman yaro da gaske. Ƙwallo kuma ba ta san kwanon maƙwabci ba. Lambun Shinjuku Gyoen ma ya haramta amfani da kayan wasannin motsa jiki a yawancin filinsa, ya kuma haramta giya. A wuraren da ba a hana ba, shan giya na cikin al'adar zaman, kuma idan yamma ta yi idon da ya kamata ya kasance a kan yara ya yi nauyi. Ga shi itatuwan da yawa a bakin ruwa suke, kamar na kogin Meguro da na ganuwar fadar Hirosaki.

Ta fuskar lafiya, lokacin ya haɗu da na ƙurar furen itatuwan sugi da hinoki, mai sa atishawa da ƙaiƙayin ido. Rana kan yi ɗumi, yamma ta juye da sanyi, yaron da ya yi gumi a guje sai rawar ɗari. Akwai kuma dango, ƙwallayen garin shinkafa masu launi uku da ake sokewa a tsinke. Yana da danƙo, yana iya shaƙe ƙaramin yaro, tsinken kuma haɗari ne a hannun mai gudu. A zaune ake cinsa, a gaban babba.

Idan aka auna, fa'idar ta rinjayi illar nesa ba kusa ba, domin kusan duk illolin nan daga sakacin manya suke fitowa, ba daga wasan ba. Iyayen da ke da ƙananan yara su bar shahararrun lambunan ga masu yawon buɗe ido, su nemi ƙaramin lambun unguwa da safe. A shimfiɗa nesa da gindin itace, a bar ƙwallo a gida, a nuna wa yaro iyakar inda zai yi gudu, sannan a ware babba guda wanda aikinsa a ranar shi ne sa ido a kansu.