DAƊEWA A KUJERA BA GADO BA NE

'Yan uwa na Rano da Kibiya, ruwa ba ya tsami banza. Duk sa'ad da kuka ji an ka da wanda ya daɗe a kujera, to da wuya ya zama ƙarfin abokin karawarsa ne kaɗai. Mafi yawa nisan da ya yi da jama'a ne ya cinye shi.

Ku dubi Amurka. A 2018 Joe Crowley yana dab da cika shekara 20 a majalisar wakilai, ga kuɗi ga manyan jam'iyya a bayansa. Amma wata 'yar gwagwarmaya mai shekara 28, Alexandria Ocasio-Cortez, wadda a baya take hidima a gidan abinci, ta bi mutane ƙofa-ƙofa ta yi masa kaye a zaɓen fid da gwani. Dalili shi ne a can talakan jam'iyya ne ke jefa ƙuri'ar da hannunsa.

A nan kuwa tikiti yana hannun gwamna da manyan jam'iyya, a da ma har da daliget 'yan ƙalilan da ake iya tarawa a ɗaki guda. Saboda haka mai kujera yakan tsallake fid da gwani, sai fushin jama'a ya tare shi a gaba. Mun gani a Kano ta Kudu. Sanata Kabiru Gaya ya riƙe kujerar tun 2007. A 2018 Kawu Sumaila ya nemi tikitin APC, aka ba Gaya. A 2022 Kawu ya fice zuwa NNPP, a babban zaɓen 2023 ya ka da shi bayan shekara 16. Kawu ba baƙon majalisa ba ne, amma a ranar shi ne ƙofar da masu neman canji suka samu.

Abin lura shi ne, wanda ya daɗe yakan ɗauka 'yan fadarsa su ne jama'a, alhali manomin da ke kukan taki da matashin da ba shi da abin yi ba sa zuwa Abuja gaisuwa. Mai neman kujera kuwa dole ya zauna da su a tabarma.

To amma kada mu ruɗu. A 2025 Kawu da Kabiru Alhassan Rurum, wakilin Rano, Bunkure da Kibiya, sun koma APC. Wanda ya ka da wani jiya, shi ne mai kujera yau. Awon da aka yi wa na baya, shi za mu yi musu. Allah Ya sa mu gane.